Casa'in ɗin da Na Haɗiye a Hanyar Hufuf

Alhamis, fita daga Riyad

Ƙarfe biyar da minti goma na asuba muka bar ƙofar gidanmu a unguwar Murabba, gari bai waye ba, fitilun titi na ci. Mu huɗu ne: ni, da maigidana da kowa ke ce wa Injiniya, da iyayensa, Baba da Hajiya, waɗanda suka zo Umara daga Kano suka biyo su yi mana wata guda. Ku da kuka ga hotona a ƙofar motar na kama ƙugu ina murmushi, kuka dame ni da saƙon wai na ji daɗina, to ga labarin. Yau kwana shida da dawowarmu, kuma har yanzu in ƙofar firij ta buɗe da ƙarfi sai na dafe bango.

Motar nan Larabawa na ce mata karafan. Hajiya na leƙa ciki ta raɗa mata Ɗaki-da-Falo. Akwai gado a can ƙarshe, da kujeru da tebur a tsakiya, da murhun gas, da firij, da ɗan banɗaki wanda sai ka yi shawara da gwiwoyinka kafin ka rufe ƙofa. Saboda banɗakin nan aka ɗauko ta haya. Hajiya na da ciwon suga, ba ta cika awa guda ba ta zaga ba, ga shi tun zuwanta take cewa tana son ganin gonakin dabinon Hufuf da idonta. Tafiyar kilomita ɗari uku da talatin ce, ko da ɗan ɗori.

Sai na koma baya kaɗan, don ranar Laraba na yi abin da na yi. Injiniya yana wurin aiki, ya riga ya gama takardu ta waya, aka ce in raka Baba karɓo motar tunda ni ce mai Larabcin gidan. Larabcin nawa na kasuwar Dira ne, na ciniki da rantsuwa, amma ya fi na Injiniya da ke yini da Indiyawa suna Turanci. Baba kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan tanka tsakanin Kano da Legas, ya taho da lasisinsa na ƙasa da ƙasa a aljihun gaba, tare da fasfo.

Baba ya fita yana zagaya motar yana dukan tayoyi da ƙafa. Mai motar, wani dattijo siriri mai jan gemu, ya tsayar da ni a ciki ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce in gaya wa Alhaji kada ya wuce casa'in, in iska ta taso kuma tamanin. Ya ce allon hanya zai nuna ɗari da arba'in, to wannan na ƙananan motoci ne. Wannan doguwa ce, iska na kama ta kamar bango, kada a ɗora mata nauyi a sama, kada kuma a wuce tirela a cikin yashin hamadar Dahna in ba dole ba. Sau uku ya faɗa, har da ɗaga mini yatsu tara.

Baba ya dawo yana kakkaɓe hannu. "Me yake ta faɗa ne, 'yata?"

Kun san ni. Ni ce aka sha tsugunarwa a gaban aji saboda surutu. Amma wannan surukina ne. Shekara uku da aure ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ni da ko keke ban iya ba, in buɗe baki in yanka wa direban tanka lamba? Na sunkuyar da kai na ce, "Ya ce Allah Ya kiyaye hanya, Baba. A bi a hankali."

Baba ya ce amin, ya ce a gaya masa mota ta zo hannun masu ita. Na juya na gaya wa mutumin Alhaji ya gane, ya gode. Haka na yi wa dattawa biyu ƙarya cikin minti guda, kowa da yarensa, na dawo gida ina jin na yi ladabi. Na kwantar da hankalina da cewa ai Injiniya ne zai tuƙa, shi kuwa ko a ƙaramar mota tsofaffi na yi masa hon.

Da asubar nan Injiniya ya miƙa hannu zai karɓi mukulli. Baba ya dube shi ya ce direba na cikin mota, magini ne zai ja? Injiniya ya yi dariya ya zagaya ɗaya kujerar. Hajiya ta haye gado da carbinta. Ni na zauna a kujerar tebur, daidai inda nake hango allurar gudu ta tsakanin kafaɗunsu. Wannan allurar ita ce duk abin da na gani na ƙasar Saudiyya a hanyar nan.

Shingen farko, da allon nan

Shida saura minti biyar muka isa shingen jami'ai a bayan gari. Wani matashi ya karɓi ikamominmu, wato katin zamanmu a ƙasar, da fasfon su Baba, ya leƙa ya ga Hajiya a kan gado da bargo, ya yi murmushi ya ce Allah Ya ƙara wa Hajja lafiya. Hajiya ta tambaye ni me ya ce, na fassara mata kalma da kalma. Irin wannan fassarar ba ta ba ni wahala.

Ba mu yi nisa ba sai ga allon. Baba ya tambayi Injiniya ɗari da arba'in yake gani ko idonsa ne. Da aka ce masa haka ne, ya girgiza kai ya ce ga ƙasa, ba rami, ba akuya, titi kamar an goge shi da dutsen guga. Allura ta tashi daga casa'in ɗina ko sallama ba ta yi masa ba. Ɗari. Ɗari da goma. Ɗari da ashirin ta zauna. Kofuna suka fara kaɗa haƙora a cikin durowa, ni ma haka.

Da safen nan babu iska. Mun ratsa jan yashin Dahna rana na fitowa, Hajiya na cewa in dubi ikon Allah ta taga, ina cewa na gani, alhali allura nake kallo.

Ƙarfe bakwai saura kwata muka tsaya a wani gidan mai. Injiniya ya sayo burodin tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, da shayin karak riyal biyu kofi. Na ja shi bayan motar na gaya masa komai. Ya riƙe kofi yana kallona, ya tambaye ni me ya hana ni faɗa jiya. Na ce abin da zai hana shi faɗa yau. Ya ce shi ba haka yake da mahaifinsa ba, in bar masa.

Mun hau hanya da minti biyar sai na ji ya gyara murya. "Baba, ko kun gaji in karɓe ku?"

Allura ce ta amsa, ta ƙara biyar.

Hufuf

Tara saura minti goma muka shiga Hufuf. Baba ya dubi agogo ya ce da tankarsa ce da yanzu yana rabin hanya. Muka sauka a wata gonar dabino da ake ba masu irin motarmu wurin tsayawa a ƙarƙashin inuwa. Ana ƙarshen girbi, ruwa na bin 'yan magudanai a tsakanin itatuwa. Mai gonar ya kawo gahawa da dabinon kalas a faranti, ya ce mu ci har mu ƙi. Hajiya ta ɗauki ɗaya ta matsa shi da yatsa, ta ce ashe duk shekarun nan busasshen itace ake sayar mana a gida. Da rana aka kawo mana jar shinkafar garin da naman rago. Na ɗauki nawa na koma cikin mota na ci, kamar kullum.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, da la'asar muka je kogunan Dutsen Ƙara, inda sanyi ke fitowa daga cikin dutse kamar an kunna na'ura. Daga nan muka shiga tsohuwar kasuwa. Hajiya ta fara lissafa gidajen layinsu ɗaya bayan ɗaya, da 'yan islamiyyarsu, da dangin Baba na Bichi. Kwali goma sha huɗu na dabino muka fito da shi.

Da aka zo lodi Injiniya ya fara jera su a ƙasa, a ƙarƙashin tebur. Hajiya ta ce a'a, ba a ajiye abinci inda ake takawa da takalmin banɗaki, balle tsarabar ƙasa mai tsarki. Aka kwashe bargunan da ke durowoyin sama, aka cusa kwalaye har ƙofofin na rufuwa da ƙyar. Ni na miƙa su da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, muryar mai jan gemu na yawo a kunnena.

Na gwada bi ta hanyar da kowace suruka ke bi. Ina matsa wa Hajiya ƙafa na ce mai motar fa ya ce ba ta son gudu. Ta ce Alhaji ya yi shekara talatin a hanyar Legas ko kaza bai taɓa takewa ba, in bar tsoro, tsoro ba ya yi wa mace kyau. Na ce to. Kalmar nan ta "to", da ana biyana duk lokacin da na faɗe ta a tafiyar nan da na sayi gonar.

Asabar, Dahna

Ƙarfe ɗaya da rabi, bayan azahar, muka kamo hanyar gida. Tun a gonar na ga kawunan dabino na rangaji. Mai gonar ya dubi sama ya dubi motar, ya ce shwayya shwayya, wato sannu sannu. Wannan kam Baba ya ji da kansa, ya ɗaga masa hannu yana dariya.

Awa ɗaya da rabi muna tafe motar na ɗan lilo, kamar kwale-kwale. Uku da kwata muka shiga jan yashi. Iska na kwaso shi tana ratsa titi da shi siriri siriri kamar macizai. Allura na ɗari da talatin. Hajiya ta yi barci a kan gado. Injiniya ya kama marikin da ke saman ƙofa, kuma na ga bakinsa na motsi, na san ba waƙa yake ba.

Sai ga tirela a gabanmu, doguwa, an lulluɓe ta da shuɗin tamfol. Na ji ƙarar sigina, ƙyas, ƙyas. Na ce a raina yanzu zan faɗa. Na ma shirya yadda zan fara: Baba, ku yi haƙuri, ba wai ina koya muku ba ne. Ina cikin gyara jimlar muka shiga gefenta.

Muddin muna jikin tirelar ita ke tare mana iska, komai lafiya. Muna fitar da kai daga gabanta aka ture mu. Ban san yadda zan faɗa muku ba sai haka, kamar wani ƙato ya sa kafaɗa ya bangaji motar. Ta tafi hagu har na ga ƙarfen tsakiyar titi ta tagar da ban saba ganinsa ba. Ta dawo dama. Ta sake komawa, wannan karon na ji gefena ya yi sama. Durowoyi suka buɗe, ƙofar ɗaya ta karye, kwalaye suka yi ta zubowa. Firij ya wangale. Na ji faɗuwar Hajiya daga gado, da salatinta.

"Baba ka cire ƙafarka! Casa'in aka ce! Casa'in!"

Ni ce. Da muryar da nake kiran mai kayan miya daga bene. Har da dukan bayan kujerarsa.

Baba bai taka birki ba. Daga baya Injiniya ya ce da ya taka da ba ni ke ba ku labarin nan ba. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ƙi bin motar duk inda ta ja shi. Ta yi lilo na uku, ƙarami. Na huɗu, ƙarami sosai. Mai tirelar a bayanmu ya rage gudu ya bar mana fili, yana ta kunna fitila. Allura ta sauko, ɗari, tamanin, sittin. Babu sauran motsi. Sai wani dabino guda da ke gangarawa gaba da baya a ƙasan motar.

Gidan mai, ban san sunan wurin ba

Kilomita shida muka yi a haka kafin Baba ya shiga wani gidan mai ya kashe mota. Hajiya na zaune a ƙasa cikin kwalaye, goshinta ya kumbura, tana riƙe da wuyan hannunta na hagu. Abin da ta fara tambaya shi ne ko dabinon ya taɓa ƙofar banɗaki. Ni kuwa robar nono ta fashe a kaina, tun daga ɗankwali har cinya, ga sauran miyar kukar jiya a kan abayata. A haka na durƙusa a tsakanin kujeru, ina ɗiga, na faɗa wa Baba duk abin da mai motar ya ce, da yatsu taran, da maganar nauyi a sama, da abin da ni na mayar da shi.

Baba ya juyo ya dube ni.

"Tun ranar Laraba kike ɗauke da lambar nan?"

Na ce e.

Ya ce duk tankar da aka taɓa ba shi sai da mai ita ya gaya masa iyakarta, kuma bai taɓa jin an raina shi ba. Ya ce shi tun ranar Alhamis ya ji sitiyarin nan ba shi da nauyi a hannu, ya san motar ba ta son abin da yake mata. Amma ya riga ya cika baki a gaban ɗansa, ga yaron nan kuma ya ce wai ko ya gaji. Injiniya ya sunkuyar da kai. Hajiya daga ƙasa ta ce to madalla, gida guda kowa na jin kunyar kowa, ita ce za ta biya da goshinta.

Na so in yi dariya sai kuka ya zo. Na yi shi sosai, irin mai majina, a gaban surukina, da nono a gira.

Muka yi minti arba'in a nan. Injiniya ya samo ƙanƙara a kanti aka ɗora wa Hajiya. Aka jera kwalayen nan a ƙasa, aka shimfiɗa musu darduma a ƙarƙashi don Hajiya ta yarda. Ita ma aka dawo da ita kujera aka ɗaura mata bel. Da za mu tashi Injiniya ya nufi gaba, Baba ya ce masa ya koma wurin uwarsa.

"'Yata, zo nan ki zauna. Ki sa ido a kan allurar nan. Ta wuce, ki faɗa."

Na ce Baba ai ba sai na zo gaba ba, daga nan ma ina gani. Ya ce ya sani, daga nan ɗin na yi kwana uku ina gani ban faɗa ba.

Na zauna a gefen surukina, kafaɗa kusa da kafaɗa, ina warin nono, na manne da ƙofa kamar za ta buɗe in gudu. Iska ba ta daina ba, don haka tamanin ce. Motoci na zuwa bayanmu su kauce su wuce kamar tsuntsaye. Wata tirela ma ta wuce mu, Baba ya bi ta da ido ya yi ƙwafa, bai ƙara ba. Sau ɗaya, wajen wata gangara, allura ta ɗan haura. Na kalli takalmina na ce, "Baba, tamanin da bakwai." Ya ce na gode, ya ɗage ƙafa. Daga baya na ji Hajiya na tambayar Injiniya a hankali wai dama yarinyar nan na da murya haka.

Gida

Shida da minti arba'in muka tsaya a ƙofar gidanmu a Murabba, an idar da magariba. Na sauko na zauna a kan dakalin ƙofa har maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta leƙo tana tambayar ko an yi mana rasuwa ne. Washegari da aka mayar da motar ban bi su ba. Na rubuta wa Injiniya abin da zai faɗa a takarda, gaskiyar duka, har da ƙofar durowar da ta karye.

Na gode wa Allah da Ya dawo da mu mu huɗu. Na gode wa mai tirelar nan da ban ga fuskarsa ba, da dattijo mai jan gemu da ya faɗa sau uku, da hannayen Baba. Ku kuma na gode da addu'a, amma don Allah ku daina tura hoton nan.

Hannun Hajiya targaɗe ne, ba karaya ba. Ranar Litinin na raka ta asibiti, Baba na zaune a gefe. Likitar ta ɗaure hannun, ta auna sugan, ta ɓata rai, ta tambayi me Hajja ke ci kwanan nan. Da na gaya mata, ta ɗaga yatsu ta yi bayani mai tsawo. Hajiya ta juyo, ga kwali goma sha huɗu na jiranta a gida, ta ce me ta ce ne.

Na ji "Allah Ya ƙara sauƙi" ya taho har bakin leɓena. Baba ya ɗago kai yana kallona.

"Dabino uku a rana, Hajiya," na ce. "Ta ce kada ku wuce uku."